KUMBURIN CIKIN KARE BAYAN CIN ABINCI

Jawabin malamin dabbobi ga manoma

 

Yau maganarmu a kan kare ce. Na san wani zai ce, "Haba Malam, ga shanu, ga awaki, ga kaji, sai kare?" To, yi haƙuri ka saurara. Wa ke kwana a bakin garke sa'ad da kake barci? Wa ke korar birai daga gonar masara, ya hana dila da muzuru sakat a bakin akurki? Manomin da karensa ya mutu ana tsakiyar kaka, amfani yana zube a gona, shi ya san abin da ya rasa. Kare kuwa ba a samo shi yau ya iya aiki gobe. Sai ka yi wajen shekara guda kana rainonsa kafin ya san gidanka, ya san dabbobinka, ya san baƙo.

Abin da za mu duba shi ne ciwon ciki da kumburi da ke kama kare bayan ya ci abinci. Yawancinsa ba abin tsoro ba ne, yakan wuce da kansa. Amma akwai iri guda da ke iya kashe kare tsakanin magariba da asuba. Duka biyu ciki ne ya tashi, amma kama da wane ba wane ba ne. Aikinka shi ne ka iya rarrabe su.

CIKIN KARE BA IRIN NA AKUYA BA NE

Kowane mai kiwo ya san kumburin ciki a wurin akuya ko saniya. Ta ci sabuwar ciyawa da raɓa ta wuce kima, sai kwiɓin hagu ya tashi. A ɗura mata man gyaɗa, a yi ta zagawa da ita, in abin ya ƙi sai malamin dabbobi ya huda kwiɓin da ƙarfensa, iska ta fita. Wannan yana yiwuwa ne domin cikin akuya ɗaki huɗu ne, babban tumbin kuwa yana kwance a kwiɓin hagu, dab da fata.

Kare ba haka yake ba. Tumbinsa ɗaya ne tak, kamar na mutum, yana can ƙarƙashin haƙarƙari. Ka ɗauke shi kamar jaka mai baki biyu: baki ɗaya abinci ke shiga daga maƙogwaro, ɗaya kuma abinci ke fita zuwa hanji. Tsakiyar jakar ba a ɗaure take da ƙarfi ba, tana iya lilo. A gefenta na hagu kuma akwai saifa, cike da jini.

To, ka ga in ka ɗauki buhu mai rabin hatsi, ka riƙe bakinsa da gindinsa ka juya shi, ai duka ɓangarorin biyu za su murɗe su shaƙe. Haka tumbin kare ke yi. In ya cika da abinci da ruwa da iska, ya yi nauyi, yakan juya ya murɗe. Daga nan ba shiga ba fita. Kare ba ya iya gyatsa, ba ya iya amai, abinci ba ya wucewa hanji. Iska kuwa sai ƙaruwa take yi. Tumbin ya yi ta girma har ya danne babbar jijiyar da ke mayar da jini zuwa zuciya, ya tokare huhu numfashi ya yi wuya. Sau da yawa yakan jawo saifa ya juya tare da ita. Bangon tumbin, da yake jini ba ya kai masa, sai ya fara mutuwa. Wannan shi muke kira murɗewar tumbi. Abin sa'o'i ne, ba kwanaki ba.

Ga yadda yakan faru a ƙauye. Da rani an fita farauta tun sassafe, kare bai sa kome a baki ba. An yini ana gudu a rana. Da yamma aka dawo, yana haki, harshe waje. Maigida ya ji tausayinsa, ya sa aka zuba masa ƙanzo da sauran tuwon jiya cike da daro. Ga kuma wasu karnuka biyu suna kallo, sai ya hau haɗiya babu tauna don kada a ƙwace masa. Ya gama, ya tafi bakin rijiya ya sha ruwa har ya gaji. Yara suka kira shi, ya bi su da tsalle-tsalle. Bayan lisha sai aka ji yana ta kai da kawowa a tsakar gida, yana kakarin amai. Aka ce, "Ƙoshi ne, ku ƙyale shi, da safe zai warware." Da safe kuwa sai gawa. Nan da nan sai ka ji an ce wai maƙwabci ne ya sa masa guba, a shiga gaba da juna a kan abin da ba haka yake ba.

YADDA ZA KA GANE SHI

Babbar alama, wadda nake so ka riƙe ko da ka manta da sauran, ita ce wannan: kare yana yunƙurin amai, yana yi yana ƙarawa, amma ba abin da ke fita sai 'yar farar kumfa. Karen da ya yi amai abinci ya fito, da sauƙi, hanya a buɗe take. Wanda ke kakari a banza, shi ne abin tsoro.

Sa'an nan ka dubi cikin, musamman daga bayan haƙarƙari. Ka ɗan ƙwanƙwasa da yatsa. In ya yi tauri yana amsawa kamar ganga, iska ce ta cika shi. Amma ka lura, kare mai zurfin ƙirji wani lokaci tumbin yana ɓoye ƙarƙashin haƙarƙari, kumburin ba ya fitowa fili da farko. Kada rashin ganin kumburi ya ruɗe ka in sauran alamun suna nan.

Za ka ga ya kasa zama, ya kasa kwanciya. Ya kwanta ya tashi, ya waiwaya yana kallon cikinsa, ya gantsare baya, yana dalala, yana numfashi sama-sama. Dasashin lafiyayyen kare jaja-jaja ne. In ka danna shi da yatsa ya yi fari, kafin ka ƙirga biyu launin ya dawo. In dasashi ya koɗe, ko ya yi toka-toka, ko launin ya yi jinkirin dawowa, to jini ba ya zagawa yadda ya kamata. In har ya kai ga ƙafafu sun yi sanyi, kare ya zube ya kasa tashi, lokaci ya kusa ƙurewa.

A nan sai in tsaya in ja kunnenka. Kada ka taɓa bakin karen da ke dalala sai ka tabbata an yi masa allurar rigakafin ciwon hauka. Mahaukacin kare shi ma yana dalala, yana kakari kamar ƙashi ya maƙale masa a wuya, kuma ba kowane ne ke bin mutane da cizo ba, wani shiru yake yi, muƙamuƙi a sake. Mutane da dama sun sa hannu a bakin irin wannan don su ciro ƙashin da babu shi. In halin kare ya canja cikin 'yan kwanakin nan, ko wani baƙon kare ya taɓa cizonsa, ka kulle shi, ka kori yara, ka kira malamin dabbobi. Wanda aka ciza, ko yawun ya taɓa masa rauni, ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana har minti 15, ya nufi asibiti a ranar. Ciwon hauka in ya bayyana a jikin mutum ba a tashi. Allurar kare kuwa ana fara ta yana wata 3, a riƙa maimaitawa kowace shekara. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa da ke Vom, kusa da Jos, tana cikin masu yin wannan allura.

ABIN YI DA ABIN BARI

In ka ga alamun murɗewar tumbi, magani ɗaya ne: likitan dabbobi, yanzu-yanzu, ko tsakar dare ne. Ka buga masa waya kafin ka taso don ya shirya. Ka ɗaure bakin karen sako-sako da tsumma lokacin ɗagawa kawai, domin zafin ciwo yakan sa kare ya ciji ubangidansa, sa'an nan ka kwance don ya sami numfashi. Ku ɗauke shi a kan buhu ko tabarma, mutum biyu, kada a matsa cikin.

Kada ka ɗura masa kome. Ba man gyaɗa, ba manja, ba ruwan kanwa, ba jiƙo. Ƙofar tumbi a rufe take, abin da ka ɗura ba inda za shi sai huhu, ka ƙara masa wata cutar. Kada ka murza cikin ko ka taka shi wai don iska ta fita. Kuma don Allah kada ka huda shi da wuƙa ko basilla yadda ka ga ana yi wa saniya. Saifa tana nan kusa, kuma in tumbi ya juya ba ka san inda ta koma ba. Ka soke ta, jini ya ƙare a ciki. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Haka kuma maganin ciwon jiki na mutane. Ibuprofen da diclofenac suna yi wa kare gyambo a tumbi, suna lalata masa ƙoda. Paracetamol kuma in ya yi yawa hanta yake kamawa. Ba na raba ɗayan biyu, karnukan da maganin kemis ya kashe da sunan taimako suna da yawa.

Shi likita abin da zai yi, zai fara sa wa kare ƙarin ruwa ta jijiya don jini ya zaga. Zai rage iskar, ko dai da robar da ake zurawa ta baki, ko da allura mai kauri a wurin da ya san ba saifa. Bayan haka sai tiyata: a buɗe ciki, a mayar da tumbi mazauninsa, a yanke inda ya mutu in akwai, a ɗinke shi a jikin bangon ciki na dama don kada ya sake juyawa. In ba a yi wannan ɗinki ba, yawanci ciwon yakan dawo. Karnukan da aka kai da wuri aka yi musu aiki, wajen 8 cikin 10 suna tashi. Wanda aka bari kuwa, kusan ba ya tsira. In an wuce awa 6 da fara ciwon, hatsarin ya ƙaru ƙwarai. Irin wannan aiki ana yin sa a asibitocin koyarwa na dabbobi, kamar na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, da na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da na Jami'ar Maiduguri, da wasu asibitocin dabbobi na manyan birane.

Bari mu gaya wa juna gaskiya. Da yawa daga cikinmu tsakaninmu da irin wannan asibiti tafiya ce mai nisa, kuɗin tiyata kuma ba kowa ke da shi ba. Duk da haka ka nemi malamin dabbobi mafi kusa. Yana iya rage iskar ya sama wa kare lokaci, yana iya gaya maka ko abin ma ba murɗewa ba ce. In kuwa ya duba ya ce ba dama, gara ka yarda ya hutar da dabbar da allura, da a bar ta tana birgima har gari ya waye. Dabbar da ta yi maka gadi shekara da shekaru ta cancanci wannan.

Tun da magani yana da wuya, ashe ƙarfinmu a wajen rigakafi yake. Rigakafin kuwa ba ya cin ko kwabo.

YADDA ZA KA CIYAR DA SHI

A shekarar 2000 masu bincike a Jami'ar Purdue ta Amurka sun bayyana abin da suka gano bayan sun bi diddigin manyan karnuka fiye da 1,600. Sun ga hatsari yana ƙaruwa in kare ya tsufa, in yana da saurin ci, in uwarsa ko ubansa ko ɗan'uwansa ya taɓa yin ciwon, da kuma in ana ɗora masa kwanon abinci a kan wani abu mai tudu. Tun kafin nan an san ci sau ɗaya mai yawa a yini yana cikin abubuwan da ke jawo shi, kuma ciwon ya fi kama manyan karnuka masu zurfin ƙirji da shafaffen ciki. Alsashiyan, wanda masu gonakin kaji da masu lambu ke saye don gadi, yana cikinsu. Dogayen karnukan farauta irin na Buzaye, waɗanda aka sani da sunan Azawak, su ma ƙirarsu ke nan. Ƙananan karnukanmu na gida ba su cika yi ba, amma kada ka ce ba sa yi sam.

Saboda haka abincin da ka saba ba shi sau ɗaya, raba shi biyu, safe da yamma. Ba ƙari na ce ka yi ba, rabawa na ce. In ku masu karnuka da yawa ne, kowa da kaskonsa, a nesa da juna, domin kishi ne ke sa haɗama. Mai saurin ci, ka baza masa abincin a faffaɗan tire, ko ka sa wankakken dutse babba, wanda ya fi ƙarfin bakinsa, a tsakiyar kaskon, ya riƙa zagaya shi. Kasko a ƙasa za ka ajiye.

Karen da ya dawo daga farauta ko kiwo yana haki, kada ka ba shi abinci sai ya huce, kamar awa guda. Ruwa kaɗan-kaɗan, ya sha ya huta, ka ƙara masa. Bayan ya ci kuma a bar shi ya kwanta awa guda ko biyu, ban da guje-guje. In kullum akwai ruwa mai tsabta a inuwa, ba zai yi masa shan haɗama ba. Karen da ya taɓa murɗewar tumbi, ko aka san ciwon a danginsa, kada ka nemi iri daga gare shi.

Uwargida ma a gaya mata, domin ita ce mai zuba abincin. Kwaɓin fanke ko na burodi wanda aka sa wa yis, a rufe shi inda kare ba ya kaiwa. Cikin kare da ɗumi, kwaɓin zai ci gaba da tashi a can, ya cika tumbi, kuma ya fitar da giya ta bugar da shi. Tuwon da ya yi tsami ya yi fumfuna, a binne shi, kare ba juji ba ne. Sauran miya mai yawan albasa da tafarnuwa tana fasa masa ƙwayoyin jini in ya saba ci. Wake da yawa da ɗanyar madara suna sa shi tusa da zawo.

SAURAN MASU KUMBURA CIKI

Yanzu mu koma kan waɗanda za ka fi haɗuwa da su.

Kwikwiyon da ka gani da ƙaton ciki, ga haƙarƙari a waje, gashi a hargitse, in ya ci sai cikin ya ƙara tashi, wannan tsutsar ciki ce, ba ƙiba ba. Tun yana cikin uwarsa yake ɗaukar ta, yana kuma sha a nono. Ana ba 'yan kwikwiyo maganin tsutsa suna mako 2, a sake a mako 4, da 6, da 8, daga nan wata-wata har su kai wata 6. Babban kare kuwa duk wata 3. A ba uwar ita ma. Malamin dabbobi zai auna maka gwargwadon nauyinsu, kada ka yi kintace da maganin tumaki. Ƙwan wannan tsutsa yana cikin kashin kare, yana daɗewa a ƙasa, kuma yana shiga cikin yaran da ke wasa da ƙasa su kai hannu baki. A riƙa kwashe kashin ana binnewa.

Akwai kuma toshewar hanji. Da kaka, totuwar masara ita ce babbar mai laifi, musamman wadda aka gasa yara suka yar. Da bazara kuma ƙwallon mangwaro. Sai ledar da aka ƙunshe nama ko ƙosai, sai dafaffen ƙashi, wanda ke tsagewa ya yi tsini. Wannan ba ya gaggawa kamar murɗewar tumbi. Kare zai riƙa amai duk sa'ad da ya ci ko ya sha, kashi ya tsaya, ya rame cikin kwana biyu ko uku. Shi ma aikin likita ne. In ka ga zare ko leda ta leƙo daga duburarsa, kada ka ja, kana iya yanka hanji.

Lokacin Babbar Salla kuwa ga nasa. Karen da ya shekara yana cin tuwo, rana ɗaya a tara masa kitse da kayan ciki da sauran man suya. Bayan kwana ɗaya ko biyu sai amai, ya ƙi abinci, ya shimfiɗa ƙirji a ƙasa ya ɗaga ƙugu sama don zafin ciki. Wata 'yar tsoka ce da ke manne da farkon hanji, mai fitar da ruwan narkar da abinci, kitsen ya sa ta kumbura. Tana iya kisa. Ka ba shi rabonsa na Salla, amma tsoka kaɗan, dafaffiya. Huhu ko hanta mai ƙulli-ƙullin ruwa kuwa, wadda mahauci ya yanke ya yar, kada kare ya ci ta ɗanya. Ta nan yake ɗaukar wata tsutsa, ya zubar da ƙwanta a makiyaya, ta koma jikin tumakinka, har da mutanen gida.

Karya kuma in cikinta ya tashi, ka ƙirga kwanaki. Cikin karya wajen kwana 63 ne. In ba ciki ba ne, kuma wata ɗaya ko biyu da suka wuce ta yi zafin neman namiji, yanzu tana yawan shan ruwa, ba ta cin abinci, wataƙila da ruwa mai wari ta baya, to mahaifa ce ta tara mugunya. Kada a kwana da ita a gida.

Guba ita ma tana nan, ba mu ce babu ba. Maganin feshi da maganin ɓera sun fi maƙwabci kashe karnuka. Wanda ya lashi maganin ƙwari za ka gan shi da dalala, da amai, da zawo, jiki yana rawa. Ka ɗauki kwalbar ko ledar maganin ka tafi da ita wurin likita.

To, in fa duk babu waɗannan? Kare ya ci ya ƙoshi, ciki ya tashi amma da laushi, yana gyatsa, yana tusa, ya yi amai sau ɗaya abinci ya fito, dasashi jaja-jaja, ka kira shi ya kaɗa wutsiya. Wannan ƙoshi ne. Ka ɗauke abinci awa 12, ka bar masa ruwa kaɗan-kaɗan, ka riƙa leƙa shi cikin dare. Gobe ka fara da 'yar dafaffiyar shinkafa da tsokar nama, ba mai ba yaji. Ɗan kwikwiyo kam ba a hana shi abinci haka, kuma in yana amai da zawo mai jini a kai shi asibiti a ranar. Babba ma in ya wuce yini guda bai warware ba, ko kakarin nan na banza ya fara, ka daina jira.

Karen da ya mutu ba a san dalili ba, kada a ja shi a yar a bayan gari. A sanar da malamin dabbobi tukuna, domin in ana zaton ciwon hauka ne akwai gwajin da ake yi wa ƙwaƙwalwarsa. Bayan haka a haƙa rami mai zurfi, nesa da rijiya, a binne, wanda ya taɓa gawar ya wanke hannu da sabulu.

Kafin ka kwanta yau, ka nemi lambar wayar malamin dabbobi na yankinku ka ajiye, ka kuma tambaye shi asibitin da ya fi kusa inda ake yi wa kare tiyata. Don ƙarin bayani sai ka tuntuɓi ofishin gona ko asibitin dabbobi na ƙaramar hukumarku.